Ta Rufe Mu A Sitatus, Amma Baƙo Ya San Ɗakinta

Assalamu alaikum. Ni ce babba a gidanmu, muna Tudun Wada a nan Zariya. Autarmu shekarunta 19, tana aji biyu a jami'a a Samaru, a hostel take zaune. Tun da ta samu gurbin karatu babu abin da ba ta ɗorawa: takardar admishan ɗinta da lambar JAMB a jiki, bidiyo a cikin ɗakinsu, ranar da za ta zo gida, har lambar OPay take ajiyewa a ƙarƙashin masu rabon kyauta. Amma mu 'yan gida ta rufe mu, ko sitatus ɗinta na WhatsApp ba ma gani, wata 'yar gwaggonmu ce ta nuna min. Kwanan baya wani ya buɗe Facebook da sunanta da hotunanta, ya rubuta wa kawunmu cewa za a rufe rajista ba ta biya ba, Kawu ya tura naira dubu 25. Bayan haka wani da ba ta sani ba ya kira ta da dare, ya faɗa mata sunan hostel ɗinta da kalar abayar da ta sa a ranar. Da na yi mata faɗa sai ta ce, "Yaya, ni fa ba ni da abin ɓoyewa, kuma kowa haka yake yi." Baba bai san komai ba. Ina tunanin in ƙwace wayar idan ta zo hutu, ko in sa wani yaro ya saka mata manhajar da zan riƙa ganin saƙonninta. Ku ba ni shawara.

Wata yaya, Tudun Wada, Zariya

Wa alaikumus salam, Yaya. Allah Ya saka miki da alheri a kan wannan kulawa. Za mu fara da abin da ba za ki so ji ba: kada ki ƙwace wayar, kuma kada ki kuskura ki sa a dasa mata manhajar leƙen asiri.

Ki sake duba maganarki. Yarinyar da ta ce ba ta da abin ɓoyewa ita ce ta zauna ta bi sunayenku ɗaya bayan ɗaya ta cire ku daga masu ganin sitatus ɗinta. Ke nan ta san sirri, ta kuma san inda ake saita shi, wataƙila ma ta fi ki sani. Auna wa zai iya ɓata mata rai ta yi, sai ta ga ku ne: ku ne masu faɗa, ku ne masu kai ƙara wurin Baba, ku ne masu cewa wannan wane irin ɗaurin ɗankwali ne. Baƙon da ke kallonta kuwa lamba ce kawai a ƙarƙashin bidiyo, dubu ɗaya, dubu biyu, kuma yawan lambar daɗi yake mata. Haka akasarin sa'o'inta suke. Sun kulle ƙofar da ke kallon tsakar gida, sun bar tagar da ke kallon titi a wangale. Aikinki shi ne ki juyo da hankalinta kan tagar. Idan kika tsaya rigimar ƙofa, za ta ƙara mata sakata ne.

Ƙwace waya ba ya kai ko'ina. Kafin hutu ya ƙare ta buɗe wani akawun a wayar ƙawa da sunan da ba za ki taɓa ganewa ba, kuma ranar da wani abu ya same ta a can ba wurinki za ta zo ba. Ga shi karatun ma a waya yake: sanarwar lakca, canjin ɗakin jarrabawa, duk a guruf ake yi. Manhajar leƙe ta fi wannan muni. Kafin ta yi aiki sai an ba ta izinin karanta saƙonni, shiga hotuna, sauraro, da bin inda waya take. Sai ta kwashi duk wannan ta tura wata kwamfuta da ba ki san mai ita ba, daga can ke kike gani. Yaron da ya dasa ta ya san lambar shiga, don haka duk abin da kika gani shi ma zai iya gani, har hotunan da ta ɗauka ba lulluɓi a ɗakin mata. An sha yi wa kamfanonin irin waɗannan manhajoji kutse, bayanan mutane suka watsu. Kuma Auta ta haura 18. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin wasiƙu da hirar tarho na kowane ɗan ƙasa, dokar laifukan intanet ta 2015 kuma ta haramta tare saƙon wani ba da izini ba. Ayar "wa la tajassasu" a Suratul Hujurati kuwa kin fi mu saninta.

Mai kiran daren nan shi ne abin gaggawa, ya fi kuɗin Kawu. Ba tsafi ya yi ba, kuma ba lallai ne ya yi wa wayarta kutse ba. Lambar akawun na OPay ita ce lambar wayar mutum idan an cire sifirin farko, haka ma PalmPay. Duk wanda ya ga lambar da ta ajiye a wurin rabon kyauta, ya maido da sifirin, ya samu layinta. Idan ya sa lambar a manhajar banki kamar zai tura kuɗi, cikakken sunanta zai fito ba tare da ya tura ko kwabo ba. Ya adana lambar a wayarsa, WhatsApp ya nuna masa hotonta idan ba ta rufe ba, TikTok ya kawo masa akawun ɗinta cikin waɗanda "ƙila ya sani". A bidiyon kuma ga fentin bango, ga lambar ɗaki a jikin ƙofa, ga allon sanarwa a bayanta. Duk wanda ya taɓa zama a Samaru zai gane ginin a kallo ɗaya. Idan ta ɗora bidiyon a ranar da ta ɗauka, ga kalar abaya nan ya samu.

Akwai kuma wata hanyar da muka fi jin tsoro. Duk wanda ke guruf ɗaya da ita yana ganin lambarta, kuma guruf ɗin aji ko na hostel ko na 'yan jiha yakan ɗauki ɗaruruwan mutane. Yana iya yiwuwa mai kiran yana cikin makarantar, da idonsa ya ga abayar. Saboda haka a ɗauki abin da muhimmanci. Kada ta ba shi amsa, kada ta zage shi, kada ta yi sitatus a kansa. Ta ɗauki hoton kiran yadda lamba da rana da lokaci za su fito, ta rubuta abin da ya ce tun ba ta manta ba, ta turo miki kwafi, sannan ta toshe shi. Ta kai maganar ofishin tsaron makaranta da mai kula da hostel, a rubuce, ta riƙe kwafi. Idan ya sake kira da wani layin ko ya yi barazana, sai wurin 'yan sanda. Sashe na 24 na dokar 2015 ɗin nan, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya shafi barazana ta waya da intanet. Tun da aka fara haɗa layuka da NIN a ƙarshen 2020, hukuma na da hanyar bin mai layi, ko da yake wasu da layin sata suke aiki. Ta daina fita ita kaɗai bayan magariba na wani ɗan lokaci.

Baba fa sai ya ji wannan. Kuɗin Kawu da bidiyon TikTok za su iya jira, amma namijin da ya san ɗakin 'yarsa ba abin da za ki riƙe ke kaɗai ba ne. Ki gaya wa Auta tukuna cewa za a faɗa, ku biyo ta wurin mahaifiyarku idan hakan ya fi sauƙi, kuma a kai masa maganar tare da abin da aka riga aka yi a kai. Uban da aka kai wa matsala da maganinta ba kasafai yake cewa a dawo gida a bar karatun ba.

Sai zaman da za ku yi ku biyu. Kada ki fara da wa'azi. Ki ari wayar wani da ba ya cikin abokanta, ki miƙa mata, ki ce ta rubuta sunanta ta nemo kanta kamar baƙuwa, a Facebook da TikTok da Google, ta ga nawa za ta iya haɗawa cikin minti goma: suna, kwas, aji, hostel, unguwarku, sunan Baba, ranar haihuwa. Wannan ya fi faɗan wata guda shiga. Sannan ki ce ta yi miki irin haka da naki sunan. Kada ki yi mamaki idan ta zaƙulo hotunan yaranki da bajen makarantarsu a ƙirji, ko katin ɗaurin aure mai ɗauke da adireshin gida da lambobi uku. Manya ma suna wannan, kawai dai nasu ba rawa a ciki. Idan ta ga tare kuke gyarawa, za ta saki jiki.

Ku fara da WhatsApp, don nan ne ɓarna ta fi sauri. A setin, sashen akawun mai alamar makulli, akwai tabbatarwa mai mataki biyu. Ta sa lambobi 6 da ita kaɗai ta sani, ban da shekarar haihuwa, ta haɗa da imel ɗin da take iya buɗewa. Dalili kuwa: yadda ake sace WhatsApp shi ne ɓarawo ya sa lambarki a wayarsa, kamfanin ya turo miki lambobi 6 ta tes, sai ya kira da murya mai daɗi ya ce daga guruf ɗin aji ne, za a yi taro ta intanet, ki karanto masa lambar da aka turo don a sa sunanki. Kina karantawa akawun ya bar hannunki. Idan kin riga kin sa taki lambar sirrin, ya tsaya a nan. Idan ba ki sa ba shi ya sa tasa, ko kin sake rajista da layinki kin kore shi, za ki iya jiran kwana 7 kafin ki shiga. Daga nan ta duba na'urorin da aka haɗa da akawun ɗin, a ɗigo ukun da ke sama. Duk wanda ya riƙe wayarta a buɗe na minti ɗaya zai iya haɗa ta da kwamfutarsa ya riƙa karanta hirarta. Abin da ba ta gane ba ta cire shi.

A sashen sirri mai alamar kwaɗo, hoton fuska da lokacin da ta leƙa na ƙarshe ta mayar da su na waɗanda ta adana kawai, haka ma masu iya jefa ta guruf. Ta kunna hana wayar ƙara idan baƙuwar lamba ta kira ta WhatsApp. Sitatus kuwa a nan take kuskure. Ta zaɓi kowa ya gani ban da ku, alhali kowan nan ya haɗa da mai keken da ta adana lambarsa, da mai POS, da mai kawo ruwa, da saurayin ƙawarta, muddin su ma sun adana tata. Ta juya tsarin: ta zaɓi mutum goma ko ashirin da ta yarda da su, su kaɗai. Idan ba ta sa ki a ciki ba, ki haɗiye, kada ki ce uffan. Ta dai sani cewa ɓacewar sitatus bayan awa 24 ba ta goge abin da wani ya ɗauka, shaida kuwa ita ce 'yar gwaggonku. Hoton da ake buɗewa sau ɗaya ma ana ɗaukarsa da wata wayar. Kuma hoton da aka tura a matsayin fayil don kada ya dushe yakan tafi da bayanin wurin da aka ɗauke shi, idan kyamarar na adana wuri. Ta kashe wannan a setin kyamara.

Abu ɗaya za ki iya roƙa, roƙo ba umarni ba: idan za ta taso daga Samaru da yamma, ko za ta hau hanyar Kaduna ko Kano, ta turo miki inda take kai tsaye na awa 1. Ana iya zaɓar minti 15, awa 1 ko awa 8, kuma ita ke kunnawa ita ke kashewa. Labarin tafiya kuwa sai an isa ake ɗorawa.

TikTok sai kin yi sassauci. Idan kika ce ta kulle akawun ɗin gaba ɗaya za ta ƙi, don mabiyan take nema. In ta yarda, madalla. In ta ƙi, a sashen sirri ta kashe nuna akawun ɗinta ga masu lambarta, ta kashe haɗa manhajar da lambobin wayarta ta goge waɗanda aka riga aka kwasa, ta hana sauke bidiyonta, ta taƙaita masu iya haɗa nasu bidiyon da nata da masu turo mata saƙo. Hana saukewa ba ya hana mai naɗar fuskar waya, rage yawa kawai yake yi. Abin da ya fi duk wannan shi ne ɗabi'a biyu: kada ta ɗora bidiyo a ranar da ta ɗauka, ta bari ya kwana biyu, kuma kafin ta ɗora ta kalle shi sau ɗaya ba don fuskarta ba, don abin da ke bayanta. Bangon da ba komai a jikinsa ya ishe ta. Akwai kuma haƙƙin 'yan ɗakinsu. Wadda ta gifta a baya da ɗaurin ƙirji ba ta ba da izini ba, kuma irin wannan giftawar ta sha jawo wa yarinya magana a gidan surukai.

Facebook shi ne ya kai ɓarawo ga Kawu. Jerin abokanta a buɗe yake, ga kuma Kawu a ƙarƙashin hoton admishan yana rubuta Allah Ya yi wa 'yata albarka. Me ya rage wa ɗan damfara? Ya san wa zai tunkara, ya san kwas, ya san lokacin rajista. Ta mayar da jerin abokai ya zama ita kaɗai ke gani, ta yi amfani da wurin da ake taƙaita tsofaffin rubuce-rubuce gaba ɗaya su koma na abokai, ta hana a nemo ta da lambar waya, ta kunna tantancewa kafin wani ya liƙa sunanta a hoto. Takardar admishan a goge ta yau, tare da duk wani hoton katin makaranta, silif ɗin NIN, tikiti ko rasit. Wanda ya so nuna farin ciki ya rubuta alhamdulillah, ya wadatar. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Akawun ɗin bogi kuma kada a kai ƙararsa sai an kwafi adireshinsa an ɗauki hoton shafin da hirarsa da Kawu, don da zarar an rufe shi shaida ta tafi. Bayan haka ita da kanta ta shiga shafin, ta danna ɗigo uku, ta kai ƙara cewa wani yana sojan gona da sunanta, ku ma ku yi. Ta sanar a shafinta na gaskiya cewa ba ta neman kuɗi a Facebook. Kawu ya je bankinsa da rasit ɗin turawa, wanda ke ɗauke da sunan wanda ya karɓa da lambar ma'amala, ya shigar da ƙorafi a rubuce ya karɓi lambar ƙorafin. Idan mako biyu suka wuce ba a yi komai ba, zai iya kai wa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN. Sojan gona ta intanet laifi ne a sashe na 22 na dokar 2015, don haka 'yan sanda ma za su iya karɓa. Amma kada a sa masa rai da yawa: irin wannan kuɗi cikin mintuna ake kwashe shi, kuma kwanaki sun riga sun ja. A gida a yi doka ɗaya, a faɗa wa kowa har su Gwaggo: duk wanda ya nemi kuɗi da sunan wani, a kira mai sunan a layin da aka san shi da shi kafin a tura. Saƙon murya ma bai isa ba, yanzu ana kwaikwayon murya da kwamfuta.

Lambar akawun ta daina ajiye ta a bainar jama'a. Idan tana 'yar sana'a a makaranta, ta ware wa sana'ar layi dabam. Ta sa wa sim ɗinta lambar sirri a setin tsaro na waya, domin ɓarawon waya sim yake fara cirewa ya sa a wata wayar, ya danna *565*0# ya ga BVN, ya fara gwada lambobin bankuna. Sim mai kulle ba ya buɗuwa a wata wayar. Ta nemo lambar PUK, wato lambar da ake buɗe sim da ita idan ya kulle, a jikin katin da sim ɗin ya zo da shi kafin ta fara, don kuskure uku a lambar sirrin ke kulle shi, kuskure goma a PUK kuma ya kashe shi. Idan za ta kai waya gyara ta cire sim da memori, ta tsaya a kai, kada ta ba da lambar buɗe waya ta tafi lakca.

Akwai maganar da ba ki yi ba, amma gara mu yi ta. Idan wata rana wani ya ce yana da hotonta na tsiraici, na gaske ko na haɗi, zai watsa in ba ta biya ba, kada ta biya. Wanda aka biya sau ɗaya dawowa yake yi. Ta adana shaida, ta toshe shi, ta zo wurinki. Shafin StopNCII na waɗanda suka kai 18 yana fitar da wata shaida ta musamman daga hoton, ba tare da hoton ya bar wayarta ba, wadda Facebook da Instagram da TikTok ke amfani da ita su tare shi, ko da yake bai kai cikin WhatsApp ba. Ki faɗa mata wannan tun yanzu, ki ƙara da cewa a ranar ba za ki fara da tambayar yaya aka yi ba.

Canza layi kuwa a jira tukuna. Idan kiran ya ci gaba bayan duk wannan, ta canza, amma kada ta yar da tsohon kawai. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani na sake sayar wa wani, sabon mai shi kuma zai riƙa karɓar tes ɗin bankinta da lambobin shiga akawun ɗinta. Ta fara zuwa banki a canza lambar da ke kan akawun da BVN, ta canza a Facebook da TikTok da imel, ta yi amfani da wurin canza lamba na cikin WhatsApp ta zaɓi waɗanda za a sanar, ta duba ko da shi ta yi rajistar JAMB da shafin makaranta, sannan ta ajiye tsohon sim ɗin a gida a wurinki, a riƙa sa masa kati jefi-jefi har ta gama karatu.